Takarda Ɗaya, Hannu Biyar: Abin da Makarantun Ƙasar Yauri Za Su Samu a Rubutun Haɗin Gwiwa

Duk wanda ya san makarantun sakandaren gwamnati a ƙasar Yauri, daga Yelwa zuwa Wara, daga Birnin Yauri zuwa Shanga, ya san yadda darasi yake tafiya a mafi yawan azuzuwa. Malami ya cika allo, ɗalibai su kwafe, a goge, a sake cikawa, har a kaɗa ƙararrawa. Yaro yakan kammala aji shida da tarin littattafai cike da rubutun hannunsa, amma da wuya ka tsinci shafi goma a ciki waɗanda shi ya tsara maganarsu daga kansa. Abin da ya fi wuyar samu shi ne shafi ɗaya wanda malami ya karanta, ya nuna inda aka kauce, ya mayar wa yaron, yaron ya zauna ya sake rubutawa. Alhali a wannan sake rubutawar ake koyon rubutu, a nan ne kuma ake koyon jera tunani. A ganina, cikin duk kayan zamanin da ake tallata wa makarantu, wanda ya fi dacewa da wannan ciwo namu, kuma ya fi arha, shi ne manhajar rubutun haɗin gwiwa ta intanet. Idan za a kashe kuɗin jama'a kan fasaha a makarantun ƙaramar hukumar Ngaski da maƙwabtanta, daga nan ya kamata a fara.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Ana buɗe takarda ɗaya a intanet, a ba mutum biyar ko goma izinin shiga, kowa ya yi rubutu a ciki daga wayarsa ko kwamfutarsa, kowa kuma yana ganin abin da ɗan'uwansa yake rubutawa. Wanda aka fi sani shi ne Google Docs, wanda ya samo asali daga wata ƙaramar manhaja mai suna Writely da kamfanin Google ya saya a 2006. Microsoft ma yana da Word na intanet, akwai kuma Etherpad wanda kyauta ne, makaranta tana iya ɗora shi a kan kwamfutarta. Abubuwa uku ne a cikinsu suka shafi aji kai tsaye. Malami yana iya ajiye tsokaci a gefen jimla ba tare da ya taɓa jimlar ba, ya bar wa ɗalibi aikin gyarawa. Yana iya ba da shawarar gyara wadda ɗalibi zai karɓa ko ya ƙi. Sannan manhajar tana adana tarihin takardar, wato wa ya rubuta me, yaushe, me aka goge, me aka ƙara.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajena ta fito ne daga binciken koyar da rubutu, tun kafin waɗannan manhajoji su yaɗu. A 2007 wasu masana biyu a Amurka, Steve Graham da Dolores Perin, sun fitar da rahoto mai suna Writing Next, inda suka tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa da aka yi a kan ɗalibai daga ajin firamare na huɗu zuwa ƙarshen sakandare, don su ga wace hanya ce take gyara rubutun yaro. Cikin hanyoyin da suka fito a sahun gaba akwai sa ɗalibai su tsara, su rubuta, su gyara aiki tare. Yin rubutu a kwamfuta ma ya nuna amfani, musamman ga masu rauni, domin gyara ba ya buƙatar sake kwafe shafi gaba ɗaya. Abin da bai nuna amfani ba shi ne koyar da dokokin nahawu su kaɗai, ba tare da an haɗa su da rubutun da yaro yake yi ba, kuma wannan ne abin da azuzuwanmu suka fi ba lokaci. Gaskiya ne a makarantun Amurka aka yi mafi yawan gwaje-gwajen, kuma ajinsu ba irin namu ba ne. Amma akwai abin lura: haɗin gwiwar da aka auna, akasari da takarda da biro ko kwamfuta ɗaya aka yi shi. Hanyar koyarwar ce ta yi tasiri. Manhaja tana rage wahalar bin wannan hanya ne kawai, kuma a wurin da malami ɗaya yake fama da ɗaruruwan yara, rage wahala babban abu ne.

A yi lissafi. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce kada ajin babbar sakandare ya wuce ɗalibai 40, amma kowa ya san ana wucewa. A ƙaddara malamin Turanci ko na Hausa yana da azuzuwa 5, kowanne da yara 60. Idan ya ba da insha'i sau ɗaya, takardu 300 ne a gabansa. Ko minti 5 kawai ya ba kowace takarda, awa 25 ke nan, bayan darussan da zai shiga, bayan gonarsa da iyalinsa. Shi ya sa ba a ba da insha'i sai sau ɗaya ko biyu a zango, kuma abin da yaro yake gani a takardarsa maki ne da jan biro, babu bayani. Ba lalaci ba ne, lokaci ne ba ya isa. To idan aka raba yaran nan biyar-biyar, takardun sun koma 60. Malami zai iya ba kowace minti 10, ya gama cikin awa 10, ya rubuta tsokaci mai ma'ana, ya dawo bayan kwana uku ya ga ko an gyara. Ba zai ɗauki buhun littattafai zuwa gida ba, ba zai jira ranar da za a tattara su ba. Kafin ma takardar ta iso gare shi, yara huɗu sun riga sun karanta jimlar na biyar, sun yi gardama a kanta, kuma wanda ya nuna wa abokinsa kuskure ya fi wanda aka nuna wa ƙaruwa.

Masu ganin wannan baƙon abu ne a tarbiyyar karatunmu su duba tsofaffin littattafan malaman zaure. Gefen shafi cike yake da hashiya da ƙarin bayani, wani da Larabci, wani da ajami, hannu daban-daban, zamani daban-daban, duk a kan matani ɗaya. Mawaƙan Daular Usmaniyya sun yi tahamisi, inda mutum yake ɗaukar baitin wani mai ɗango biyu ya ƙara masa uku, waƙar ta zama ta mutum biyu. Malamanmu na da sun ɗauki rubutu a matsayin abin da ake zama a kansa, a yi masa sharhi, a gyara, a ƙara. Makarantar boko irin wadda muka gada ce ta mayar da shi aikin mutum ɗaya da ake miƙawa sau ɗaya a ba shi maki a rufe.

Ƙorafin farko da kowa zai kawo shi ne wuta da sabis, kuma ƙorafi ne na gaskiya. An kammala madatsar ruwan Kainji a 1968, daga baya ƙarfin injinanta ya kai megawat 760, kuma sama da mutum 40,000 aka tayar daga garuruwansu da gonakinsu don tafkin ya samu wurin kwanciya. Da yawa daga cikinsu Gungawa ne da Kambari da sauran mutanen wannan yanki. Fiye da shekara hamsin bayan haka, akwai tungaye da ƙauyuka a bakin tafkin da ba su san wutar lantarki ba sai ta janareta da sola, kuma inda aka ja wayar ma ba kullum take zuwa ba. Sabis na waya yana da ƙarfi a wasu wurare, a wasu sai an nemi tudu. Kuɗin data kuma ya tashi bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Amma wannan hali shi ne ma ya sa nake cewa a zaɓi rubutu. Shafi guda na zallar rubutu bai wuce 'yan kilobayit ba, yayin da bidiyon minti ɗaya yake cin megabayit da yawa. Manhajar kanta tana jan data fiye da zallar rubutun, wannan haka yake, amma duk da haka tazarar da ke tsakaninta da darasin bidiyo mai nisa ce. Google Docs yana barin a yi rubutu ba tare da intanet ba, idan sabis ya dawo sai aikin ya haɗu da na sauran. Etherpad kuwa ana iya ɗora shi a kan kwamfuta ɗaya a ofishin makaranta, na'urorin aji su haɗu da ita ta waya-fai na cikin gida, ba a sayi data ko ta kwabo ba. Aji mai yara 60 da aka raba biyar-biyar na'ura 12 yake buƙata, kuma azuzuwa za su iya karɓa-karɓa. Faifan sola kaɗan da batir sun isa cajin wannan adadi. Wannan ya fi ƙarfin aljihun iyaye, amma bai kai kuɗin gina aji ɗaya ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: an sha raba na'urori a makarantu, ba a ga komai ba. Ƙasar Peru ta raba wa yara ƙananan kwamfutoci fiye da miliyan 1, kuma rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya kawo ta a matsayin misalin inda karatu bai ƙaru ba, saboda ba a saka na'urorin cikin tsarin koyarwa ba. Rahoton ya kuma yi gargaɗin cewa ƙwararan hujjoji kan amfanin fasaha a aji ba su da yawa, kuma wani ɓangare na waɗanda ake da su daga masu sayar da kayan suka fito. A gida ma an gwada. An kai irin waɗannan kwamfutoci makarantar firamare ta Galadima a Abuja a 2007, Jihar Osun ta ƙaddamar da nata shirin raba na'urori mai suna Opon Imo a 2013, kuma a makarantu da dama a Arewa akwai ɗakin kwamfuta da aka buɗe da biki, yanzu yana kulle, ƙura ta rufe komai. Ban ɗauki wannan da wasa ba. Abin da ya haɗa yawancin irin waɗannan shirye-shirye shi ne an fara da sayen kaya, sannan aka shiga neman abin da za a yi da su. Abin da nake kira a yi ya fara ne da aiki sananne wanda malami ya riga ya san darajarsa: a rubuta, a gyara, a sake rubutawa. Malamin da bai saba ba da aikin rukuni a takarda ba, bai saba rubuta tsokacin da zai sa yaro ya sake tunani ba, manhaja ba za ta koya masa ba. Saboda haka horon malamai ne gaba, kuma horon ya zama na koyar da rubutu, danne-dannen na'ura ya biyo baya, domin wannan mako ɗaya ya isa. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, wadda take yaye malaman jihar, ita ce wurin da ya dace a dasa wannan tun daga tushe.

Wani zai ce yaran da ba su iya karatu ba, ina su ina rubutun haɗin gwiwa? Ya yi gaskiya. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Yaron firamare littafi yake buƙata, da fensir, da malamin da zai zauna da shi a kan baƙaƙe da wasula. Kada a kai masa na'ura. Maganata a kan babbar sakandare take, daga aji huɗu, kuma ko a nan ɗin biro da takarda suna nan daram. Tsari mai kyau shi ne kowane yaro ya fara rubuta nasa sakin layi da hannu, shi kaɗai, sannan rukuni ya zauna ya shigar, ya haɗa, ya daidaita.

Sai tambayar da ba a cika yi ba: me za su rubuta? Idan aka ce su rubuta abin da yake cikin littafin karatu, za su kwafo ne daga intanet, an koma gidan jiya. Ƙasar Yauri tana da abin rubutawa wanda babu shi a intanet, ko kuma kaɗan ne ƙwarai. Ɗan masunci ya san giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, ya san lokacin da ruwa yake hawa da lokacin da yake ja, ya san wace koma ce take kwashe 'ya'yan kifi. Rukuni ɗaya zai iya tattara sunayen kifaye da Hausa da Gunganci da Kambarci, da yadda ake kama kowanne, a matsayin aikin darasin kimiyyar halittu, kuma Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da ke New Bussa tana da masanan da za su iya leƙa takardar su yi tsokaci ba tare da sun taso daga ofis ba. Wani rukunin ya bi farashin albasa ko shinkafa a kasuwar Yelwa mako-mako na tsawon zango, ya zana jadawali, ya yi bayanin hawa da saukarsa, ga lissafi ga tattalin arziki. Abin da ya fi gaggawa shi ne tarihin tashin 1968. Wanda yake ɗan shekara goma a lokacin yanzu ya doshi saba'in. Irinsa ne suka san sunayen tsibiran da ruwa ya ci, da inda kasuwa take, da inda aka binne kakanni, da yadda aka ji da sababbin gidajen da gwamnati ta gina. Idan jikokinsu ba su rubuta daga bakinsu ba cikin 'yan shekarun nan, labarin zai tafi da su. A nan ne takardar intanet take yin abin da littafin aji ba zai iya ba: makaranta a Wara da makaranta a Yelwa da wata a Shanga su rubuta kundi ɗaya, kowace ta kawo abin da tsofaffinta suka faɗa, su ga inda labaran suka dace da inda suka saɓa, ba tare da yaro ko ɗaya ya hau kwale-kwale ba. Kuma tun da madannan waya na yanzu suna da ɓ da ɗ da ƙ, dama ce ta koya wa yara rubuta Hausa bisa ƙa'ida, abin da saƙonnin waya suka lalata.

Akwai tsoron cewa mutum ɗaya zai yi aikin, huɗu su ci maki. Kamar gayya ce: a kowace akwai mai noma da gaske, akwai mai jingina da fartanya yana jiran fura. Bambancin shi ne a aikin rukuni na takarda malami ba shi da hanyar sanin wa ya yi me, a nan kuwa tarihin takardar yana nunawa, muddin kowane yaro da sunansa yake shiga. Haka batun satar rubutu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT. Shafi biyu da suka faɗo cikin takarda a daƙiƙa ɗaya, babu gogewa babu gyara, suna tona kansu. Wannan ba ya kama kowane mai wayo, domin yaro yana iya kallon wata waya yana bugawa da hannu, amma malamin da ya ga yadda rubutu ya girma daga farko, ya kuma tsayar da yaro ya yi masa tambaya biyu a kan abin da ya rubuta, ya fi wanda aka miƙa wa gamammen aiki sanin gaskiya.

Damuwar iyaye kan waya, musamman a hannun 'ya'ya mata, ita ma tana da tushe, kuma duk shirin da ya raina ta zai mutu a ƙofar gida. Amsar ita ce na'urorin su zama na makaranta, su kwana a makaranta, a toshe duk abin da ba na karatu ba, a yi aiki da su a gaban malami. Wannan kuma yana kare ɗan talaka daga zama ɗan kallo a ajin da 'ya'yan masu hali suke zuwa da wayoyinsu. Asusun shiga ma ya zama na makaranta, kada a sa yara su buɗe da sunayensu da lambobin iyayensu. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta buƙaci amincewar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro, don haka a tara iyaye a yi musu bayani da harshen da suke ji, a nuna musu takardar da idonsu.

Mutanen Ngaski sun san abin da rufe makaranta yake nufi fiye da yawancin 'yan Najeriya. An rufe makarantun ƙasar nan watanni a 2020 saboda annobar korona. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, da ke yankinsu, suka tafi da ɗalibai da malamai, kuma wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Babu manhajar da za ta maye gurbin tsaro, kuma zai zama rashin kunya wani jami'i ya miƙa wa iyaye karatun intanet a madadin makarantar da za su tura 'ya'yansu hankali kwance. Abin da kawai za a iya cewa shi ne, idan aka watse ba shiri, littafin da aka bari a ɗakin kwana ya tafi ke nan, amma takardar da take intanet tana nan, kuma malami yana iya ci gaba da magana da ɗalibinsa a gefenta duk inda ƙaddara ta kai su. Sai dai wanda ya saba tun ana zaman lafiya ne zai iya wannan.

Jarrabawa ma tana matsowa. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ta fara gwada hakan ga masu zana jarrabawa daga waje a 2024, kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta bayyana niyyarta ta mayar da WAEC da NECO kan wannan hanya. Yaron da ya fara taɓa madannai a ranar jarrabawa an riga an zalunce shi tun kafin ya karanta tambayar farko, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda za a nemi kuɗin sananne ne. Hukumar HYPPADEC an kafa ta ne domin yankunan da ake samar da wutar ruwa, kuma Kebbi tana cikinsu. Sa sola a makarantun bakin Kainji yana cikin mafi ƙarancin abin da waɗannan al'ummomi suka cancanta. Kebbi tana cikin jihohi 7 na farko a shirin AGILE na Bankin Duniya wanda aka amince da shi a 2020, kuma koyar da fasahar zamani ga 'yan mata yana cikin ayyukansa. Asusun USPF da ke ƙarƙashin NCC aikinsa ke nan kai sadarwa inda kamfanoni ba sa ganin riba. Masarautar Yauri kuma tana da sarkin da ya san makaranta ciki da waje, domin Mai Martaba Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi ya shugabanci Jami'ar Usmanu Danfodiyo kafin ya hau gadon sarauta, kuma kalmarsa za ta kwantar da hankalin iyaye fiye da takardar kowace ma'aikata.

Roƙona ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kebbi shi ne kada a fara da babban shiri. A zaɓi makaranta uku, ɗaya a Ngaski, ɗaya a Yauri, ɗaya a Shanga. A horar da malaman harshe da na kimiyya kafin a kawo na'ura ko ɗaya. A sa ɗaliban aji huɗu su rubuta shafi guda da hannu a farkon shekara, su sake rubuta wani a ƙarshenta, a yi haka kuma a wasu makarantu uku da ba a ba komai ba, sannan a ba malamai daga wata shiyya su duba takardun ba tare da sun san daga ina kowace ta fito ba. Idan rubutun yaran ya gyaru, a faɗaɗa. Idan bai gyaru ba, a faɗa wa jama'a gaskiya, a mayar da kuɗin kan littattafai da ɗaukar malamai.